Kular da Muka Kai wa Kawu Ndayako

Limawa, Minna,
Afrilu, 2008.

Zuwa ga ƙanwata Lailatu,

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, da sallama kuma nake shigo miki gida: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Sharif da yara, da ruwan saman Fatakwal ɗin nan naku da ba ya gajiya da sauka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a garin da ba naku ba, ya sa albarka a abin da kuke nema. Mu nan lafiya lau muke, sai dai zafi. Zafin bana har ƙadangaru sun daina hawa katangar gidanmu da rana. Matata Na'ima tana nan da ɗinkinta, Aishat ta yi tsawo har ta kusa kamo uwarta, ƙafar mahaifiyarmu Nna kuma da sauƙi, tana zuwa unguwa da kanta in ba nisa. Wuta kuwa tun da transfomar layinmu ta ƙone muke kwana a tsakar gida.

Sau biyu kina tambayata a waya ko kular da kika aiko mana ta yi amfani. Na farko na ce miki ta yi, layi ya katse. Na biyu ina shirin yin bayani kika ce katinki ya kusa ƙarewa. Tun ranar abin yake damuna, domin “ta yi” ba amsa ba ce. Kin san ni, ban iya magana a tsaye ba, sai na zauna na jera abu ɗaya bayan ɗaya, shi ma ina yi ina gogewa. Shi ya sa na buɗe littafin da nake rubuta al'amuran yau da kullum, na ajiye shi a gefe don kada in tsallake wani abu, na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da tsawon takardar.

Ranar da direban babbar motar da kika ba saƙon ya sauke ta a tasha, na ɗauko ta a keke mai ƙafa uku, ina riƙe da ita kamar amarya. Shuɗiya, farin murfi, hannaye biyu, ga ɗan toshi a gindi na zubar da ruwa. Sai dai kin manta wani abu game da mutanen garinku. A Minna in aka ce kula, shinkafa mai zafi ake nufi. Ban gama karanta ’yar takardar da ke cikinta ba labari ya zaga layi, kafin mako ya zagayo an aro ta zuwa suna a Fadikpe, aka shaƙe ta da dafa-duka har baki. Ta dawo tana ƙamshin kori, manja ya zana mata layi a ciki. A ranar na ɗauraye ta, na sayo ƙanƙara na zuba, na rufe, na zauna ina jiran in ga abin al'ajabi. Kafin la'asar ruwa ne mai ɗumi. Na rubuta a littafina cewa an cuci Lailatu a kasuwa, na kuma yanke shawarar ba zan gaya miki ba don kada ranki ya ɓaci. Sai daga baya na gane jikin kular bai gama sakin zafin shinkafar ba na ɗora mata ƙanƙara. Laifina ne, ba nata ba.

Daga nan na shiga gwaji. Kin tuna ƙawarki ta makaranta, Theresa, wadda yanzu kowa ke kira Maman Hope? Tana Barkin Sale, tana da firiza da janareto, ƙanƙara take sayarwa. Wurinta nake zuwa in na tashi daga aiki. Na gwada farfasasshiya, na gwada dunƙule. Na gwada kula a cike, na gwada ta rabi. Na ajiye ta a ɗaki, na ajiye ta a zaure. Dunƙule babba ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma in ka bar fili a ciki, filin nan shi ke cinye ƙanƙarar. Amma akwai wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni: duk ranar da na fi sa ido, ranar ta fi saurin narkewa, ranar da aiki ya riƙe ni ban dawo da wuri ba, sai in tarar da ita kamar yanzu aka zuba. Na'ima ce ta warware mini, cikin zolaya. Ta ce wai ko ranar da ta haifi Aishat ban leƙa ta yadda nake leƙa robar nan ba, in bar baiwar Allah ta huta mana. Ashe ni ne ɓarawon. Duk buɗewar da nake yi don in ga ko sanyin yana nan, ƙofa nake buɗe masa ya fita.

Lailatu, ban sani ba ko za ki yi mini dariya, amma abin nan ya shiga raina. Wata Asabar na ajiye ta a tsakar gida da gangan, rana tsaka. Na ɗora tafin hannuna a kan murfin, sai da na janye don zafi. Na ɗaga kaɗan na zura hannun, yatsuna suka ƙage. Tsakanin wannan wutar da wannan sanyin bai wuce kaurin yatsu biyu ba. Ba waya, ba fetur, ba ƙara, ba komai. Ba ita ke yin sanyin ba, amana kawai take riƙewa: ka ba ta zafi ta tsare maka, ka ba ta sanyi ta tsare maka. Na daɗe a tsugune ina kallonta ina tasbihi, ina tunanin yadda Allah ya sanar da ɗan Adam ya ɗebi sanyi a akwati ya yi tafiya da shi kamar yadda ake ɗaukar gero. A lokacin na ɗauka wasa kawai nake yi, irin na wanda ba shi da abin yi da yamma. Ban san shiri ake sa ni ba.

Ran nan da hantsi sai ga Ndanusa a kan mashin, ɗan Kawu Ndayako, fuskarsa ba irin wadda muka saba ba. Kin san shi da ni, taubasai ne, ba ya shigowa gidan nan bai tambayi Na'ima ko har yanzu tana haƙuri da bawansa ba. Ranar bai yi ba. Ya durƙusa gaban Nna ya ce jikin Kawu ya yi tsanani. Zazzaɓin da ya kwantar da shi ya sauka, amma ya bar masa gyambo a baki har maƙogwaro. Ko ruwan randa aka kai masa sai ya damƙe haƙora ya kau da kai, wai kamar barkono ake zuba masa. Malamin asibitin da ke zagayowa ƙauyen ya ba da magani, ya kuma faɗa musu gaskiya cewa magani ba ya aiki a hannu, sai an haɗiye, tsoho kuma in ya daina shan ruwa a irin wannan zafin ba ya daɗewa. Ya ce a gwada abu mai sanyi ƙwarai, wataƙila ya wuce. Ina za a sami abu mai sanyi a garin da ko turken wuta babu? Ndanusa ya ce abu ɗaya Kawu ya ambata da bakinsa, kunun ayar Nna. Kin san shi kaɗai ya rage mata a ’yan ɗakinsu. Ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji tana jawo buhun aya.

Kunun aya kuwa kin san halinsa, in ya ji zafi kafin azahar ya yi tsami. Don haka magana ta dawo kaina, ni da kular da kowa ke yi mini dariya a kanta. Na tafi wurin Maman Hope na faɗa mata. Ba ta bari na gama ba ta fara kwashe kifinta daga firiza tana kai wa maƙwabciya ajiya. Ta cika bokitin fenti da ruwa ta sa ya daskare ya zama dunƙule guda. Nna ta jiƙa aya, aka niƙo, ta tace da hannunta, ta sa dabino da ’yar citta kaɗan don kada ya yi masa yaji, muka ɗura a robobi aka kai su ma suka daskare. Ni kuma tun jajibiri na zuba wa kular wata ƙanƙarar daban don jikinta ya sha sanyi tukuna. Da asuba muka shirya: dunƙulen a ƙasa, robobin kunu kewaye da shi, duk wani fili da ya rage muka cusa masa ruwan leda daskararre har murfin yana rufuwa da ƙyar. Ruwan ledar nan ba don sha na sa shi ba, ki riƙe wannan, don ya toshe fili ne. Maman Hope ta dafa murfin ta ce za ta sa Baba cikin addu'a a coci, amma in na bar ƙanƙararta ta narke a hanya kada in sake biyowa ta layinsu.

Sannan na ɗauko igiyar shanya na ɗaure kular, na zagaya ta tsaye da kwance, na ƙulle. Na tsaya a zaure na yi wa kowa jawabi, har direban da muka ɗauko shata. Na ce murfin nan ba zai ɗagu ba sai a ƙofar ɗakin Kawu, ko wa ya ji ƙishi ga jarka nan. Ndanusa, da ya ga an kama hanya hankalinsa ya ɗan kwanta, ya ce a yi wa Injiniyan Ƙanƙara biyayya, kada ya kore mu daga aiki. Nna ta dubi igiyar, ta dube ni, ta gyara mayafinta ta shiga mota.

Har muka wuce Kataeregi komai lafiya. Ina baya, kular tana gefena, na lulluɓe ta da buhu, duk inda rana ta juyo ta taga sai in tare da jikina. Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauye, Ndanusa yana gaba a mashin, sai muka iso busasshen rafin nan da muke wasa a cikinsa in an kai mu hutu. Yanzu ba ruwa ko ɗigo, yashi ne tsantsa. Direba ya ce zai wuce da gudu. Muka kai tsakiya motar ta nutse. Ya ba ta wuta, ta ƙara nutsewa, ya sake ba ta, muka ji wani ƙarfe ya ce ƙas a ƙasa. Ya sauka ya leƙa, ya daɗe a kwance, ya taso yana karkaɗe riga ya ce sai haƙuri. Rana ta take tsaka. Na kinkimi kular na kai ta gindin wata kaɗanya da inuwarta ba ta kai tabarma ba, na tuɓe babbar rigata na ƙara mata a kan buhun, na zaunar da Nna a gefe. Zuciyata tana ta lissafin abin da ke faruwa a cikin akwatin nan da ba ni da ikon dubawa.

Ndanusa ya tafi ya dawo da mutane daga gonaki, maza masu tada kunyar doya kafin ruwa ya sauka, da fartanyoyinsu a kafaɗa. Mutanen garin Kawu ne da na ƙauyen da ke kusa. Suka gaida Nna da Nufanci, suka yi mata sannu da jikin Kawu, suka kama aiki. Suka haƙe yashi, suka shimfiɗa rassa, suka tura, suka ɗaga. Motar ta fito daga ramin amma ta ƙi tafiya, abin da ya karye ya karye. Suka dawo gindin kaɗanya suka zube, gumi yana bin su kamar an watsa musu ruwa, leɓɓansu sun yi fari. Na miƙa musu jarka. Babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kurɓa ya furzar yana dariya, domin jarkar ta zauna a bayan mota, ruwan ya yi zafin da za a iya dama koko da shi.

A nan ne Nna ta yi magana. Nufancina kin san bai taka kara ya karya ba, amma na ji abin da ta ce sarai. Ta ce musu su yi haƙuri, akwai ruwan sanyi a cikin shuɗin akwatin nan, ɗanta zai ba su yanzu. Duk suka juyo suna kallona. Na matsa kusa da ita na rage murya, na ce Nna, na Kawu ne fa, in aka buɗe a ranar nan, aka kuma cire abin da ya toshe filin, ban san abin da zai kai ba. Ba ta rage tata muryar ba. Ta ce, “Sanda, ruwa ne fa.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na dubi Ndanusa ko zai taimake ni, tunda mahaifinsa ne a kwance, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mashin. Lailatu, da hannuna na kwance igiyar nan.

Abin da na gani da na ɗaga murfin ba zan manta da shi ba. Wani farin tururi ya taso a hankali, ya gangaro ta gefen kular ya bi ƙasa, a tsakiyar ranar da ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ruwan ledar yana nan da ƙarfinsa kamar duwatsu, gefe-gefe kawai ya fara saki. Na ɗebo da sauri na rufe. Dattijon nan ya karɓi nasa ya yi ta jujjuya shi daga hannu zuwa hannu, ya manna a wuya, ya runtse ido, ya kira sunan Allah. Wani ya huda da haƙori ya zuƙa, ya dafe kunci yana tsalle, sauran suna yi masa dariya, su ma suna dafe nasu. Ba wai ba su taɓa ganin ƙanƙara ba ne, suna gani a kasuwa. Amma a nan, a cikin yashin rafinsu, a bakin gonarsu, wannan ne ba su taɓa gani ba. Ni ma da na san yadda aka yi, tsigar jikina sai da ta tashi.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai ga mata sun ɓullo da itace a ka, Nna ta ce a buɗe. Sai ga wani mai keke, a buɗe. Direba ya fito daga ƙarƙashin mota, a buɗe. Wata daga cikin matan ta ce uwar mijinta tana can gindin bishiya ba ta iya ƙarasowa ba, a buɗe. Kowace buɗewa ina jin ta a ƙirjina. Tururin ya daina tasowa. Na fara jin motsin ruwa a ƙasa in na taɓa kular. Ruwan ledar da na toshe fili da shi ya ƙare kaf, ba abin da ya rage sai dunƙulen da robobin kunu, da fili fal a samansu. Na koma gefe na zauna a kan tushen bishiyar. A raina ina cewa mun taso daga Minna don mutum ɗaya, mun shayar da gari guda, shi kuma za mu kai masa ruwan ɗumi da kunu mai tsami. Har na fara shirya yadda zan rubuta miki.

Da aka tabbata mota ba za ta tashi ba, aka bar direba da mutum biyu su jira makaniki. Ndanusa ya ɗauki Nna a mashin. Ni na sunkuya zan ɗora kular a kai, dattijon nan ya dafa kafaɗata ya ce in bari. Maza biyu suka kama hannayenta, wasu biyu suka karɓi zanen ɗaya daga cikin matan suka ware shi a sama suna yi mata inuwa, in waɗannan suka gaji wasu su karɓa. Haka muka bi hanyar, matan da itacensu a baya, mai keke yana tura kekensa, ni a ƙarshe da igiya a hannu da babbar riga a kafaɗa. Duk wanda muka wuce sai ya tsaya ya tambayi abin da aka ɗauko, a ce masa sanyi ne za a kai wa Ndayako, sai ya biyo mu. Ban taɓa ganin an raka kaya da irin wannan girmamawa ba.

Mun isa bayan la'asar. Kawu yana kwance a kan tabarma a rumfar ƙofar ɗakinsa, Nna tana zaune a kansa tana yi masa fifita. Lailatu, gara da ba ki gan shi a ranar ba. Mutumin da ke ɗaga mu biyu a hannu ɗaya ya koma kamar a naɗe shi a zane. Leɓɓansa sun tsattsage. Aka sauke kular a gabansa, mutanen suka cika tsakar gidan. Na durƙusa, na yi bisimilla, na ɗaga murfin ban duba ba tukuna. Da na duba, ruwa ne, robobin suna yawo a ciki. Na zura hannu ina lalube, sai na taɓa shi a ƙasa. Dunƙulen da ya cika bokiti ya koma kamar gwanda, santsi, garau kamar gilashi, amma yana nan. Na ɗago roba ɗaya na girgiza, na ji ƙanƙara tana ƙara a tsakiyarta. Na buɗe na shinshina. Ƙamshin aya da dabino, ba alamar tsami. Ban san lokacin da na ce Allahu akbar da ƙarfi ba.

Nna ta zuba a kofi, Ndanusa ya tallafo kan Kawu, ta kai masa baki. Sanyin ya taɓa leɓensa, na ga idonsa ya buɗe. Sai ya ɗaga hannu ya tare kofin. Ya nuna mutanen da ke tsakar gida. Muryarsa ba ta fita, amma kowa ya gane: mutane sun ɗauko kaya a rana har gidansa, ba zai sha su suna kallo ba, a fara ba su. Kin san Kawu a kan wannan, ko yana da lafiya ba a ja da shi. Na dubi ’yan robobin nan, na dubi yawan jama'ar, na ga in aka bi su da kurɓi ɗaya-ɗaya ma ba abin da zai rage. Sai dattijon nan ya matso ya tsuguna, ya zaro ledar da ya sha daga aljihu ya nuna masa, ya ce ai su sun riga shi, tun a rafi ƙanwarsa ta shayar da su har haƙoransu na ciwo. Kawu bai yarda nan da nan ba. Ya riƙa bin su da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa ya sha, matan suna cewa sun sha har sun kai wa tsohuwa. Waɗanda suka biyo mu daga baya suka ce su ba su ɗauki komai ba, rakiya suka yi. Har idonsa ya iso kaina ya tsaya.

Sai a lokacin na tuna. Tun asuba ban sa komai a bakina ba. Ina ta gadin murfi, ina miƙa wa mutane, ban ɗauki ko ɗaya ba, ko na jarkar ban kurɓa ba. Na buɗe baki zan ce na sha, harshena ya manne, kuma kin san ƙarya ba ta zama a fuskata. Ndanusa ya ce, “Baba, wannan bawan nawa ne kaɗai ya rage, tun Minna yake azumin da ba wanda ya sa shi.” Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya tura kofin wajena da bayan hannunsa. Na ce Kawu don Allah, naka ne, saboda kai aka yi. Ya rufe ido ya kau da kai, kamar yadda aka ce yana yi wa ruwan randa. Nna ta miƙo mini kofin ta ce in sha in daina ɓata wa yayanta lokaci.

Na kurɓa. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na ji sanyin ya bi maƙogwarona yana sauka a hankali har cikin ƙirji, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Sanyin firizar Barkin Sale ne, na jiya, ga shi a bakina a rumfar Kawu. Hawaye suka zubo mini a gaban mutane, ban iya tare su ba. Na mayar wa Nna kofin. Kawu ya buɗe ido, ya ga na haɗiye, sannan ya buɗe baki. Kurɓin farko ya yamutsa fuska, muka riƙe numfashi. Muka ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake buɗe baki. Haka ya yi ta kurɓa har ya kai rabin kofi. Nna ta fasa maganinsa a cokali ta bi da shi, ya wuce. Aka fasa masa ɗan guntun ƙanƙara ya riƙe a baki, ya yi barci da shi.

Dunƙulen ya kai mu har washegari da rana, ya koma kamar ragowar sabulu, Kawu ya sha kunu sau da dama kafin ya ƙare. Yanzu Ndanusa ne ke ɗaure kular a bayan mashin duk ranar kasuwa, ya kawo ta Barkin Sale a cika, ya koma. Bakin Kawu ya fara warkewa, yana shan koko in ya huce, an kuma samu an kai shi Bida likita ya duba shi. Ba zan ce miki ya tashi ba, tsufa na nan, ƙarfi bai dawo ba. Amma yana magana, har ya tambaye ki, ya ce a gaya wa ’yar Fatakwal akwatinta ya iso.

A hanyarmu ta dawowa na tambayi Nna ko ta san Kawu zai yi haka, shi ya sa ta sa aka shayar da mutanen tun a rafi. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce ita ba ta san komai ba, mutane ta gani da ƙishi. Na yi ta juya maganar har yau. Duk abin da na gwada na rubuta daidai ne, buɗewa tana cinye ƙanƙara, na gani da idona. Da an bi dokata da dunƙulen ya isa da girmansa. Amma da ya isa da girmansa, da a tsakar gidan za a rabe kunun, Kawu yana kallo yana jin daɗi, bakinsa a bushe. Na kasa samun inda zan rubuta wannan a littafina, shi ya sa na rubuto miki.

Ki gaida Malam Sharif da kyau, ki ce masa mun gode, domin na san da hannunsa a aiken nan. Ki shafa mini kan Rabi'atu da ƙannenta. Nna tana gaishe ku, ta ce ki daina aiko mata da atamfa, ki zo da kanki. Na'ima da Aishat suna gaisuwa, Maman Hope ta ce ki neme ta in kin manta hanyar Barkin Sale za ta aiko a ɗauko ki. Ndanusa ya ce in gaya miki ya karɓi kularki a matsayin kuɗin shara na bana. In kin zo za ki ga ta goge a gefe ɗaya, hannu guda kuma ya fara tsagewa, ki yafe mana. Igiyar da na ɗaure murfin da ita na baro ta can. Da na tambaya, aka ce Kawu ya sa an ɗaure akuya da ita.

Allah ya sada mu da alheri, ya bar zumunci.

Yayanki,
Sanda.